Labarin Amos Alonzo Stagg, Wanda Ya Bauta wa Ubangiji a Filin Wasa

Ya kai mai karatu, wataƙila kana cikin waɗanda su ke tsammani ba mai yi wa Ubangiji aiki sai wanda ya hau mumbari, ya buɗe Littafi, ya yi wa jama'a wa'azi. Akwai samari da yawa cikin ikilisiyoyinmu masu wannan zato, har in an gwada ɗayansu aka ga harshensa ba ya tashi a gaban taro, sai ya karai, ya ja da baya, ya ɗauka shi ba a ba shi kome ba. Domin irin waɗannan ne na kawo labarin wani mutumin ƙasar Amurka, Amos Alonzo Stagg, wanda ya so zama mai wa'azi da dukan zuciyarsa, bai samu ba, ya ƙare kwanakinsa yana koya wa samarin makaranta wasan ƙwallo. Ka bi ni a hankali, gama cikin labarin nan akwai abin koyi, akwai kuma abin tsoro.

An haife shi ran 16 ga Agusta, 1862, a wani ƙaramin gari da a ke kira West Orange, cikin jihar New Jersey, ba nisa da birnin Niyu Yok. A sa'an nan ƙasar tana cikin yaƙin basasa a kan maganar bayi. Ubansa talaka ne, mai ɗinkin takalma, shi kuwa Amos shi ne na biyar cikin 'ya'ya takwas. Ba kuɗin sayen ƙwallo a gidan, sai dai in an yanka alade yara su ɗauki mafitsararsa su hura, ita ce ƙwallonsu. Da ya so shiga makaranta ta gaba, da guminsa ya biya, yana hura wa mutane wuta a gidajensu da sanyi, yana yanke musu ciyawa da bazara. Tun yana saurayi ya ba da kansa ga Yesu Kristi, ya kuma ƙudura a ransa zai zama mai hidimar bishara.

Da wannan niyya ya yi shekara guda a makarantar Phillips Exeter, kana ya shiga jami'ar Yale cikin 1884. Da ƙyar ya ke cin abinci, busasshen burodi da madara, har yunwa ta kwantar da shi. Amma a can aka gane baiwar da ke hannunsa. Mutanen Amurka suna da wani wasa da su ke ƙauna ƙwarai, sunansa besbol: mutum ɗaya ya jefa 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani kuma ya tare ta da kulki, gwanintar mai jifa kuwa ita ce ya sa mai kulkin ya yi ta dukan iska. A wannan jifa Stagg ba shi da na biyu cikin 'yan makaranta na zamaninsa, har Yale ta yi shekara biyar a jere tana cin gasa, shi ne mai jifanta. Ya kan yi addu'a kafin wasa, amma ba ya roƙon a ba shi nasara bisa abokan gasa. Abin da ya ke roƙo shi ne a taimake shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

A nan jaraba ta fari ta same shi. Manyan ƙungiyoyi masu biyan 'yan wasa suka aiko masa, suna so su ɗauke shi da albashin da ubansa bai taɓa riƙe irinsa ba. Ka tuna fa, yaron da yunwa ta kayar ke nan. Ya ƙi su duka, domin a zamanin nan wasan kuɗi yana tafe da caca da gidajen giya, shi kuwa ya ga in ya shiga, hanyar da ya ɗauka ta ɓace masa. Ban ce maka karɓar lada a kan wasa zunubi ne ba. Abin da na ke so ka duba shi ne, saurayin nan ya san rauninsa da abin da ya sa gaba, ya auna su, ya bar kuɗin a lokacin da ya fi bukatarsu.

Ya gama karatunsa na fari cikin 1888, ya zauna a Yale yana karatun tauhidi. A shekarun nan ya yi suna a wani wasa kuma, watau ƙwallon ƙafa irin na Amurka. Kada ka ɗauka irin namu ne. Ƙwallon nan dogo ne, mai tsini gaba da baya, a hannu a ke ɗaukarsa a sheƙa da gudu, mutum goma sha ɗaya a kowane gefe, abokan gasa kuwa su kama mai gudu su fyaɗa da ƙasa. Rabinsa tsere ne, rabinsa kokawa. Cikin 1889, sa'ad da aka fara zaɓen gwanaye goma sha ɗaya na dukan makarantun ƙasar, sunan Stagg yana ciki.

Amma abin da ya kawo shi bai yiwu ba. In ya miƙe a gaban jama'a domin ya yi magana, sai kalmomi su watse masa, ya yi ta inda-inda, masu ji su ƙosa. A wani taron ɗalibai Kirista ya ji da kunnensa John R. Mott, wanda daga baya ya shugabanci babban taron 'yan mishan a Edinburgh cikin 1910, yana gaya wa wani mamakinsa yadda Stagg ya kasa yin jawabi sam. Mott bai san yana ji ba. Ka sa kanka a matsayinsa: shekaru yana wahala domin abu guda, ya bar dukiya saboda shi, ga shi wanda ya ke girmamawa ya tabbatar masa ba shi da baiwar. Wani da sai ya yi fushi da Mott, wani ya yi fushi da Allah. Wani kuma, wannan ya fi yawa a cikinmu, ya nace, a naɗa shi, ya yi shekara arba'in yana sa jama'a gyangyaɗi ran Lahadi. Stagg ya karɓi gaskiyar da ɗacinta. Ka tuna Musa ma ya kai kukan nauyin harshe gaban Ubangiji, aka ba shi Haruna ya yi masa baki. Shi Stagg ba a ba shi Haruna ba, wani wurin aiki aka nuna masa. Ya lura samarin da ba su sauraronsa a ɗakin sujada suna bin maganarsa kamar doka a filin wasa, sai ya ce a ransa, to, can ne garkensa ya ke.

Saboda haka cikin 1890 ya bar Yale ya tafi garin Springfield, inda Ƙungiyar Samari Kirista, wadda a ke kira YMCA, ta ke da makarantar horad da ma'aikatanta. A can ya haɗu da James Naismith, mutumin Kanada, wanda shi ma ya yi karatun tauhidi ya juyo ga wasanni. Naismith ne ya ƙago ƙwallon kwando a makarantar nan cikin Disamba, 1891, da kuma aka yi wasan fari a gaban jama'a cikin Maris, 1892, malamai da ɗalibai, ɗalibai suka ci 5 da 1, ɗayan nan na malamai kuwa Stagg ne ya jefa shi.

Yana nan sai tsohon malaminsa na Yale, William Rainey Harper, masanin harshen Ibrananci, ya neme shi. An naɗa Harper shugaban sabuwar jami'a da a ke ginawa a birnin Shikago da kuɗin attajirin nan John D. Rockefeller, yana so Stagg ya riƙe dukan sha'anin wasanni da lafiyar jiki, da albashin dala 2,500 a shekara, da daraja irin ta sauran malaman jami'a, abin da ba a saba yi wa malamin wasa ba. Stagg bai amsa nan take ba. Sai da ya yi tunani da addu'a, kana ya rubuta wa Harper ya yarda, dalilin da ya bayar kuwa shi ne ya ga a wannan aiki ransa zai fi amfani ga hidimar Ubangijinsa. Aka buɗe jami'ar cikin Oktoba, 1892. Da shi ke 'yan wasa ba su cika ba a shekarar fari, malamin da kansa ya kan tuɓe ya shiga cikinsu.

Shekara 41 ya yi yana horad da samarin Shikago. Zancen gwaninta ba zan tsawaita ba, gama ba shi ya tara mu ba: sau bakwai ƙungiyarsa ta ci gasar manyan jami'o'in yankin, daga 1899 zuwa 1924; ana kuma danganta masa dabaru masu yawa da a ke aiki da su har yanzu, kamar buhun da a ke ratayewa samari su koyi kamu a kansa ba tare da sun ji wa juna ciwo ba. Cikin 1905 ya ka da jami'ar Michigan 2 da 0, bayan ta yi wasa 56 a jere ba wanda ya ka da ita. Cikin 1913 aka sa wa filin wasan jami'ar sunansa.

Halinsa na ke so ka duba. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba a kuwa taɓa jin ashar a bakinsa ba, alhali aikinsa aiki ne na tsawa da fushi, inda sauran malamai su ke zagin yara ta uwa ta uba. Shi in ransa ya ɓaci iyakar abin da zai kira yaro shi ne jaki, in laifin ya yi girma ya mai da shi jaki biyu. Har tsofaffin ɗalibansa su kan yi wa juna ba'a da yawan jakunan da kowa ya tara. Kai da ke lura da yara a makaranta, ko a gona, ko a wurin sana'a, ka san wuyar wannan. Riƙe harshe na sa'a guda cikin ɗakin sujada ba wani abu ba ne. Riƙe shi shekara arba'in a wurin da jini ke tafasa, jama'a dubbai suna ihu, wannan sai da alherin Allah. Gaskiyarsa kuma ta kai inda har sau biyu abokan gasa suka roƙe shi ya zama alƙalin wasan da yaransa ke ciki. Ka taɓa jin an ce wa mai dambe ubangidan abokin karonsa shi zai raba, ya kuwa yarda? Mutumin da ya kasa wa'azi na minti goma, ga shi waɗanda su ke so su ka da shi sun shaida ba ya zalunci.

Cikin 1894 ya auri Stella Robertson, ɗaliba a jami'ar, suka haifi 'ya'ya uku, Amos da Ruth da Paul, mazan biyu kuwa suka gaji aikin ubansu. Stella ba ta tsaya ga aikin gida kaɗai ba. Ta koyi wasan har ta san shi sarai, ta kan zauna da takarda da fensir tana rubuta duk abin da ya gudana a fili, wani lokaci ta tafi kallon abokan gasa ta komo masa da labarin dabarunsu. Shekara kusan 70 suna tare.

Yanzu fa sai mu zo ga abin tsoro, gama ba daidai ba ne in nuna maka mutum kamar mala'ika, Littafi ma bai ɓoye laifin Dawuda ko na Bitrus ba. Wasan nan a zamaninsa mugun wasa ne. Cikin 1905 kaɗai samari aƙalla 18 suka mutu ta dalilinsa, har Shugaban Ƙasa Theodore Roosevelt ya kira manyan wasan ya matsa musu su gyara, aka sake dokoki cikin 1906, Stagg yana cikin masu tsara dokokin. Wannan an gyara. Abin da ya fi wuyar gyara shi ne kuɗi da son nasara. Harper yana so ƙungiyar ƙwallo ta yi ta cin nasara domin sunan sabuwar jami'arsa ya bazu, jama'a kuwa suna biya a ƙofa su shiga kallo, kuɗi masu yawa suna shigowa. Mutumin da ya guje wa wasan kuɗi yana saurayi, ya kuma yi ta sukarsa har tsufansa, sai ga shi a kan wata babbar kasuwa, ko da shi ke su yaran ba a biyansu. Masu binciken tarihi da suka duba takardun jami'ar daga baya sun nuna an yi ta zawarcin gwanayen yara daga ƙananan makarantu, an kuma riƙa kau da kai ga waɗansu da ba su karatu, muddin suna kawo nasara.

Wanda aka fi sani cikinsu shi ne Walter Eckersall, ɗan birnin Shikago, ɗan ƙaramin jiki mai gudu kamar barewa, wanda ya yi wa Stagg wasa daga 1903 zuwa 1906, har sau uku ana zaɓensa cikin gwanayen ƙasa duka. Yaron nan ba ya zuwa aji sai kaɗan, karatunsa yana can baya, halinsa kuma yana lalacewa, amma aka bar shi yana wasa shekara huɗu. Da ya buga wasansa na ƙarshe, aka yi masa tafi da kyautai, ba a daɗe ba jami'a ta kore shi, bai sami takardar gamawa ba. Ya zama marubucin labarin wasanni a jarida da alƙalin wasa, amma giya ta ci jikinsa, ya mutu cikin 1930 bai kai shekara hamsin ba. Ba Stagg kaɗai ke da hannu a wannan ba, shi Eckersall kuma baligi ne mai ɗaukar alhakin kansa. Duk da haka ba zan iya wanke malamin ba. Ya san yaron, kullum suna tare a fili, shi ne kuma wanda ya shiga aikin nan domin rayukan samari. In da an dakatar da yaron tun shekarar fari, sa'ad da iccen ke ɗanye, da Shikago ta rasa nasarori, wataƙila kuwa da an sami mutum.

Stagg da kansa ya ba da mudun da za a auna shi da shi. In an tambaye shi ko ƙungiyar bana ta yi kyau, ya kan amsa ba za a sani ba sai bayan shekara ashirin, sa'ad da za a ga irin mutanen da yaran suka zama. A bisa mudun nan ya sami riba mai yawa, gama cikin ɗalibansa an sami likitoci da malamai da alƙalai da magidanta na kirki, waɗanda har suka yi furfura suna tasowa daga nesa su gaishe shi. A bisa mudun nan kuma akwai hasara, sunanta Eckersall. Ya ɗan'uwana, ka lura jarabar da ta fi ƙarfinsa ba ta zo da kamannin giya ko caca ba, waɗannan ya gane su tun daga nesa. Ta zo ne da kamannin aikin kirki: sunan makaranta, farin cikin shugaba, ci gaban aikin da ya tabbata na Ubangiji ne. Haka ta kan zo wa malamin makaranta da ke son a yabi sakamakon ajinsa, da shugaban mawaƙa da ke riƙe mai daɗin murya ko da ya san zamansa ba daidai ba ne, da mai bishara da ke ƙidayar kawuna domin rahoton ƙarshen shekara.

Bayan 1924 nasara ta yi masa ƙaranci, domin jami'ar ta tsananta sha'anin karatu, gwanayen 'yan wasa suka koma waɗansu wurare. Ya sha kaye shekara da shekaru, bai sake halinsa ba, bai kuwa gudu ba; ni a ganina shekarun nan sun fi na nasara nuna ko shi wane ne. Da ya cika shekara 70 cikin 1932, dokar jami'a ta ce sai ya huta. Suka miƙa masa wani muƙami na girmamawa, mai albashi, ba aikin kirki a ciki. Ya ƙi, gama bai yarda ya ci ladan da bai yi wa aiki ba, yana kuma jin da sauran ƙarfinsa. Tsoho da tsohuwarsa suka ɗaure kaya suka bar birnin da suka yi shekara arba'in a ciki, suka nufi garin Stockton a Kalifoniya, inda wata 'yar ƙaramar makaranta ta ikilisiyar Methodist, mai suna College of the Pacific, ta ɗauke shi cikin 1933.

Cikin 1938 ya komo Shikago da yaransa na sabuwar makaranta, suka ka da tsohuwar jami'arsa 32 da 0 a filin da ke ɗauke da sunansa. Shekara guda bayan wannan jami'ar Shikago ta daina wasan ɗungum. Filin ya zama kango, har ran 2 ga Disamba, 1942, a ƙarƙashin benayen da 'yan kallo su kan zauna, Enrico Fermi da abokan aikinsa suka fara kunna wutar nukiliya wadda ɗan adam ke iya sarrafawa, aikin da ya kai ga bom ɗin da aka jefa a Japan cikin 1945. Wanda ya ga an sa wa gini sunansa, bai san abin da za a yi a cikinsa bayansa ba.

Shi kuwa tsohon yana can yana aikinsa. Cikin 1943, yana da shekara 81, 'yar makarantarsa ta ci wasa 7 cikin 9, 'yan'uwansa malaman wasa na ƙasa duka suka zaɓe shi gwanin shekara. Da makarantar nan ita ma ta so ta ajiye shi a kujerar girmamawa bayan 1946, ya sake ƙi, ya tafi jami'ar Susquehanna a jihar Pennsylvania, ya yi shekara shida, daga 1947 zuwa 1952, yana aiki tare da babban ɗansa. Abin da ya raba shi da wurin ba gajiya ba ce, rashin lafiyar Stella ne. Matar da ta bi shi filin wasa shekaru masu yawa, yanzu shi ya zauna kusa da ita. A Stockton ya ci gaba da zuwa wata ƙaramar kwaleji yana koya wa yara bugun ƙwallo da ƙafa, mutumin da sunansa ya cika ƙasa yana aikin mataimaki, yana kuma yanke ciyawar ƙofar gidansa da hannunsa har ya haura shekara 90. Sai cikin 1960, yana da shekara 98, ya ajiye aiki.

Stella ta rasu cikin Yuli, 1964. Bai cika shekara guda bayanta ba, ya bi ta ran 17 ga Maris, 1965, a garin Stockton, yana da shekara 102 da wata bakwai.